Auta Ya Zo Hutu Garinsu

Shekara ashirin da biyu Ermine Calliste ta yi tana kasa kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi a bakin tashar da manyan jiragen ruwa ke tsayawa, saboda haka babu irin ɗan yawon buɗe idon da ba ta gani ba. Ta ga waɗanda ke saukowa farare fat da safe, su koma jirgi da la'asar jajaye kamar dafaffiyar ƙaguwa. Ta ga masu ɗaukar kirfa su shinshina, su ɗauki hoton mai kirfar, su ajiye su yi gaba. Har wata tsohuwa ta taɓa tambayarta, ido cikin ido, ko mutanen tsibirin a nan suke kwana, ko kuwa da yamma ake kwashe su. Duk wannan bai taɓa ɗaga mata hankali ba. Murmushin kasuwa take yi musu, in sun ba da baya ta ja tsaki ta gyara kayanta.

Abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba shi ne wata rana ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya, zai shiga sahunsu.

Alwyn shi ne autan gidansu. Yana ɗan shekara ashirin da huɗu ya tafi Toronto, ya samu aiki a wani ofishin inshora, ya auri wata Baturiya mai suna Colleen, daga nan sai murya a waya. Shekara ashirin da shida bai tako tsibirin ba. Ko da mahaifiyarsu ta rasu, furanni ya sa aka kai coci, ya ce ƙanƙara ta hana jirage tashi. A watan Yuni, lokacin da ko a can zafi ake yi.

To ranar da ya bugo ya ce ga shi nan zuwa shi da matarsa, kwana goma za su yi, Ermine ta manta da duk wannan. Ta sa aka yi wa gida fenti. Ta sayi sabuwar katifa ta shimfiɗa a ɗakin gaba, ta canja labule. Mijinta Cuthbert, wanda masunci ne kuma ba mai yawan magana ba, ya ɗaure bunsuru a gindin mangwaro yana ba shi ɓawon ayaba.

"Ki bi a hankali," in ji Cuthbert. "Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida bai zo ba, ba katifa ce ta hana shi ba."

"Ka ji da bunsurunka," ta ce.

Suka je filin jirgi a a-kori-kurar Cuthbert, wadda ya wanke sau biyu amma ƙarnin kifi ya ƙi fita. Ermine ta jima tana duba fuskokin masu fitowa kafin ta gane cewa ƙaton mutumin nan mai hular kaba da riga mai zanen aku da bishiyar kwakwa shi ne ɗan'uwanta. Irin rigar da duk tsibirin babu mai sa ta sai baƙi da mahaukata.

"Auta!" ta kira shi, hawaye na zubo mata. "Alwyn!"

Ya rungume ta yana bubbuga mata baya. Da ya buɗe baki sai ta ji magana na fitowa ta hanci, kamar mai mura.

"Ermine! Kai, kin yi kyau. Amma Al ake ce mini yanzu."

Cuthbert ya ce ƙasa-ƙasa, "Sanyin can ya cinye rabin sunan ke nan."

Colleen doguwa ce siririya mai furfura a gaban goshi, ta riƙe hannun Ermine da hannu biyu ta gaishe ta da ladabi. Cuthbert ya kai hannu zai ɗauki akwati, sai Alwyn ya dafe.

"A'a, suruki, bar shi. Ga motar otal can tana jiranmu."

"Wane otal?" in ji Ermine.

"Au, ban faɗa miki ba? Ai mun kama otal. Hutu muka zo, kin gane. Ci da sha da komai a haɗe suke. Ba ma so mu ɗora miki nauyi."

Colleen ta dube shi da sauri. "Al, ka ce mini ta sani."

"Ta sani yanzu," ya ce, ya yi dariya shi kaɗai.

Ermine ta tsaya tana kallo har aka zuba su cikin farar mota tare da sauran baƙi, wani yaron otal na miƙa wa kowa jiƙaƙƙen tawul. A hanyar komawa gida Cuthbert ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "In ka ce ai ka faɗa, a nan zan sauka." Ya rufe bakinsa.

Otal ɗin ba a ko'ina yake ba sai a gaɓar da mahaifinsu ya shekara arba'in yana jan kwale-kwalensa. Yanzu an zagaye ta da katanga, an kwashe duwatsu, an zubo farin rairayi daga wani wuri don wai na wurin ya yi duhu a hoto.

A kwana na uku Alwyn ya aiko cewa ta zo su ci abincin rana. Ermine ta rufe rumfarta ranar da jirage biyu suka tsaya. Ta dafa gwaza da ɗanyar ayaba da kifin gishiri cikin madarar kwakwa, yadda mahaifiyarsu ke yi, ta zuba a kula, ta sa rigarta ta zuwa coci.

Mai gadin ƙofa Theophilus ne, dattijon da suke rera waƙa tare a coci kowace Lahadi. Da ya hango ta sai ya hau sosa ƙeya.

"'Yar'uwa Ermine, ina munduwarki?"

"Wace munduwa?"

Ya nuna wuyan hannunsa. Baƙin otal kowa da munduwar roba a hannu, ita ce shaidar an biya masa ci da sha. Wanda ba shi da ita sai baƙonsa ya zo da kansa ya shigar da shi.

"Theophilus, a bayan wancan ɗakin naka na gadi aka binne cibiyata."

"Na sani. Ni ma tawa tana ƙarƙashin filin wasan ƙwallonsu. Amma doka ce. Kuma wannan kular ba za ta shiga ba, ba a shiga da abincin waje."

Aka buga wa Alwyn waya, bai ɗauka ba, yana cikin tafkin wanka. Ermine ta yi kusan awa guda a tsaye cikin rana, motocin baƙi na wuce ta, har wani ya zuge gilashi ya tambaye ta abin da take sayarwa. Da Alwyn ya iso, jikinsa na ɗigar ruwa, da kofi a hannu an soka masa 'yar lema ta takarda, ta riga ta miƙa wa Theophilus kular ta ce ya ci ya ba abokan aikinsa.

Ranar kuwa ita ce otal ke kira ranar al'ada. An sa ma'aikata sun ɗaura ɗankwali mai ratsi-ratsi irin na kakanni, wasu samari uku na buga ganga fuska ba walwala. A cikin jerin abincin har da gwaza da madarar kwakwa, amma ba barkono, ba gishirin kirki, fari sol kamar abincin majiyyaci. Alwyn ya kai loma, ya lumshe ido.

"Colleen, ɗanɗana ki ji. Sak irin na Mama."

Ermine ta ajiye cokali. Da mahaifiyarsu za ta ji wannan magana, da ta tashi daga kabari ta mare shi.

Colleen kuwa sai tambayoyi, da zuciya ɗaya. "Al ya ba ni labarin yarintarku da yawa. Yadda yake bin babanku kamun kifi tun asuba. Yadda yake nutsewa ƙasan teku ya ɗebo katantanwa. Wai har gasar hawan kwakwa ya taɓa ci."

Ermine ta dubi ƙaninta. Shi kuma ya duƙufa yana yanka abarba. Wannan Alwyn ɗin da ko gadar katako ta masunta ya hau sai ya yi amai. Wanda mahaifiyarsu ke sa wa safa da takalmi sau ciki don kada ya taka ƙaya, sauran yara na yawo ƙafa ba komai. Sau ɗaya tak mahaifinsu ya ɗora shi a kwale-kwale, ba su yi nisan jifa ba aka juyo da shi yana kiran Mama. Kwakwa kuwa, iyakarsa da ita sha.

"Haka ya ce miki?" in ji Ermine. "To."

Kafin ta tafi ta ce masa gobe za ta je share kabarin Mama, ko zai zo. Ya ciro wata takarda mai launi ya duba, ya ce ayya, gobe akwai yawon jirgin ruwa na kallon faɗuwar rana, an riga an rubuta sunansu.

A kwana na biyar suka zo ƙauye. Alwyn ya ce yana so ya nuna wa Colleen ainihin tsibirin, ba na otal ba. Da ya shiga gidan sai fuskarsa ta canja. Ya dubi tayil, ya dubi firji da murhun gas da talabijin a bango, kamar wanda aka yi wa sata.

"Ina tsohon madafin nan na bayan gida? Mai kurfoti da baƙin hayaƙi?"

"Guguwa ta ɗauke shi shekara goma sha biyar da suka wuce. Na faɗa maka a waya."

"Kash. Ai da kun sake gina shi yadda yake. Irin waɗannan abubuwa su ne tarihi."

"Kai kana can kana danna maɓalli abinci ya dahu, ni in zauna ina hura gawayi ina hawaye don ka samu tarihi?"

Bai ji ba, ya riga ya leƙa ta taga ya hango rusasshen garken awakin maƙwabta. Ya ja Colleen can ya tsaya a gabansa, ya ce ta ɗauke shi hoto, wai kusan irin wannan ne ɗakin da ya girma a ciki. Da suka dawo ya ga tsohon turmin mahaifiyarsu da Ermine ke shuka na'a-na'a a ciki.

"Ermine, ɗaura ɗankwali ki riƙe taɓarya mana. In kin cire takalmi zai fi kyau."

"Ka ce me?"

"Hoto ɗaya kawai."

"Auta, ni na goya ka. Ni na wanke maka kashi. Ka sake ce mini in cire takalmi, taɓaryar nan za ka gan ta kusa-kusa, ba a hoto ba."

Colleen ta yi ja har kunne, ta sauke wayar. Alwyn ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Kin ga mutanenmu ko? Akwai barkwanci."

Bayan sun ci naman bunsuru, wanda Alwyn ya yi ta kora shi da ruwa yana cewa barkono ya yi yawa, suka gangara ƙaramar gaɓar da ke bayan ƙauye. Nan ba otal, ba kujerun kwanciya, sai kwale-kwale shida da rumfar kwano inda masunta ke gyaran koma. Cuthbert na can da abokansa su huɗu. Alwyn ya cire rigar akunsa ya rataya a kafaɗa, ya shiga gaba yana nuna wa Colleen itatuwa yana raɗa musu sunayen da babu wanda ya taɓa ji. Masunta suka daina aiki suna saurare, don ba kullum ake samun wasan kwaikwayo kyauta ba.

Can sai hadari ya taso daga kan teku, irin wanda ba ya sallama. Kafin a ce kwabo ruwa ya kece. Kowa ya ruga rumfa. Alwyn kuwa ya kama hannun matarsa ya nufi wata bishiya mai duhun ganye da ke bakin rairayi, 'ya'yanta ƙanana kore sun zubo a ƙasa kamar tuffa.

Mancinil ce. A tsibirin nan yaro kan san ta tun kafin ya san haruffa. Ba a cin 'ya'yanta, ba a ƙona itacenta, ba a jingina da ita, kuma ko ruwan duwatsu ake yi ba a fakewa a ƙarƙashinta, don ruwan da ya bi ta ganyenta ya ɗigo wuta ne a fata. A gaɓar otal ana shafa wa irinta jan fenti a kafa allo saboda baƙi. A nan ba wanda ya taɓa ganin buƙatar haka.

"Alwyn! Ku fito daga nan! Mancinil ce!" Ermine ta ƙwala ihu har muryarta ta dushe.

Colleen ba ta san ma'anar kalmar ba, amma ta ga fuskar Ermine. Ta fizge hannunta tun ba su kai gindin bishiyar ba, ta sheƙo rumfa da gudu. Alwyn ya shige abinsa.

"Haba Ermine, ni za ki koya wa itatuwan garin nan? A nan aka haife ni! Wannan ai inabin teku ne, mun sha cin 'ya'yansa muna yara."

"Suruki, fito!" in ji Cuthbert. "Ba wasa ake ba!"

Masunta duk suka miƙe suna ihu suna yafuto shi. Shi kuwa ya ɗauka murna suke taya shi. Ya buɗe hannuwa, ya ɗaga fuska sama, ruwa na tsiyayowa daga ganye yana sauka a goshinsa da kafaɗunsa da tumbinsa.

"Colleen, ɗauka! Ɗauki wannan! Ruwan garinmu ke nan!"

Ita ma cikin ruɗewa ta danna wayar. Sai ga shi ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan yana gogewa a wando.

Nan Ermine ta fizgi tamfol ɗin da ake rufe injin kwale-kwale ta lulluɓa, ta faɗa cikin ruwan. Ta doke hannunsa, ɗan itacen ya yi tsalle can. Ta damƙi kunnensa kamar yadda take yi yana ɗan shekara shida, ta ja shi zuwa teku, don abin da aka sani shi ne a wanke da ruwan gishiri nan take. Ya yi ta tirjewa yana cewa ta sake shi, tana ba shi kunya. Da ruwa ya kai musu ƙugu ta danna kansa ciki.

Ya ɗago yana shure-shure yana shaƙewa. "Wayyo! Yaya! Yaya, zan nutse! Ban iya ruwa ba, kin sani ban iya ba! Wayyo Mama!"

Maganar hanci ta tafi. Muryar ƙauyensu ce tsantsa, ta yaron da aka juyo da shi daga kwale-kwale.

"Miƙe tsaye, sakarai, ruwan iya cibiyarka ne." Ta sake danna shi.

A rumfa masunta sun faɗi ƙasa don dariya, ɗaya har yana riƙe da ciki yana roƙon a taimake shi. Colleen kaɗai ce ba ta dariya. Ta juya ta dubi Cuthbert.

"Bai iya ruwa ba?"

Cuthbert ya ci gaba da ɗinkin komarsa. "A baho ƙila."

Wankin ya rage, amma bai hana ba. Kafin su kai asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, fatarsa ta fara tashi. Goshi, wuya, kafaɗu, ƙirji, duk bororo ya feso jere-jere inda ruwa ya bi. Idanunsa suka kumbura suka rufe ruf. Ma'aikaciyar jinyar, Sista Philbert, ta kusa yin ritaya, kuma ajinsu ɗaya da Ermine a firamare. Ta gyara tabarau ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan wane baƙon ne kuka bari ya shiga ƙarƙashin mancinil?"

"Alwyn ne," in ji Ermine. "Autanmu."

"Alwyn na Mama Odile? Mai safa?" Ta tafa hannu. "Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan. Waɗanda na yi wa maganin mancinil Turawa ne, sai jaki guda ɗaya. Shi ma jakin ɗaure shi aka yi a wurin, ba da son ransa ba."

Ta wanke masa ido, ta shafe shi da farin magani har ya koma kamar dodon gona, ta ce kada rana ta taɓa shi, kuma kowace safiya a kawo shi wanki. Alwyn ya ce a mayar da shi otal, akwai likita a can. Colleen ta ce a'a. Ta faɗe shi a hankali, amma da irin muryar da ba a ja da ita. Ta ce ba za ta iya jigilarsa daga otal zuwa nan kowace safiya ba, ita kuma ta gaji da ganga da lemar takarda. Ta dubi Ermine ta ce, "In za ki karɓe mu, Yaya." A bakin mijinta ta tsinci kalmar, a cikin teku.

Haka sauran hutun ya ƙare. Alwyn na kwance a ɗakin gaba, labule a sauke, tsumma mai sanyi a kan ido, munduwar otal na nan a hannunsa ba ta tsinana masa komai. Mutanen ƙauye suka yi ta zuwa dubiya, wanda rabinta kallo ne. Tsofaffi su ce sannu, su fita su fashe da dariya a tsakar gida. Kafin kwana biyu an daina ce masa Alwyn, balle Al. Mancinil kowa ke cewa. "Yaya jikin Mancinil?" "Mancinil ya samu barci?"

Colleen kuwa ta bi Ermine kasuwa. Ta zauna a kan akwatin lemo tana ƙulla kanumfari a leda. Da tsakar rana wani mutum mai jan wuya ya tsaya, ya kafa wa Ermine kyamara a fuska ba ko sallama, sa'an nan ya juya ga Colleen ya tambaye ta ko waɗannan mutanen suna jin Turanci.

"Tambaye ta mana, ga ta a gabanka," in ji Colleen. Da ya wuce ta dubi Ermine ta ce, "Kullum haka ake yi miki?"

"Wannan ai mai kirki ne. Bai taɓa gashina ba."

Ranar da ya rage kwana ɗaya su tafi, da la'asar, Ermine ta shiga canja masa tsumma. Ido ɗaya ya fara buɗewa. Ya kama gefen zanenta.

"Yaya, zauna."

Ta zauna a bakin gado.

"Ba don Colleen na kama otal ba."

"Wannan ai ko bunsurun da muka yanka ya sani."

"Tsoro nake ji. In na sauka a gidan nan, kowa zai tambaye ni me ya hana ni zuwa jana'izar Mama. Ba ni da amsa. Na ce bana, na ce baɗi, har abin ya yi nauyin da ba zan iya ɗauka ba. Amma in ka zo hutu, ba mai tambayarka komai. Sai dai a ce me za ka sha."

Ermine ta matse tsumman a kwano. Ranta ya so ya yi sanyi, sai ta tuna awa gudan da ta yi a ƙofar otal da kula a hannu.

"Sai ka ga gara ka zo ka ɗauke mu hoto."

"Na yi wauta."

"Wauta kam ka yi ta, har da ta sayarwa. Mu nan ba wurin hutu ba ne, Auta, gari ne. Mutane na haihuwa a ciki, suna mutuwa a ciki. Ɗago kanka." Ta ɗora masa tsumman, ba da ƙarfi ba. "Kuma katantanwar da ka nutsa ka ɗebo, ka je ka yi wa matarka bayani da kanka. Ni ba ruwana."

"Ta riga ta tambaye ni. Har da kwakwar."

"Me ka ce?"

"Na ce ƙarama ce."

Dariya ta kuɓuce mata ba ta shirya ba. Shi ma ya fara, sai bororon wuyansa ya ja, ya koma wayyo-wayyo.

Washegari Cuthbert ya kai su filin jirgi a a-kori-kura. Alwyn ya lulluɓe da tawul, fata na saɓulewa a goshi, mai duba fasfo sai da ya dube shi sau uku. Ya ce baɗi zai dawo. Ermine ta ce Allah ya kai mu, ba ta ɗora komai a kan maganar ba.

Bayan mako uku Cuthbert ya dawo daga teku yana ƙyaƙyata dariya tun daga ƙofa, abin da bai saba ba. Ya miƙa mata waya. Alwyn ne ya sa hoto a shafinsa na zumunta: ga shi tsaye ba riga, hannuwa a buɗe, fuska a sama, ruwa na sauka ta cikin koren ganye. A ƙasa ya rubuta, "Babu kamar gida." Abokan aikinsa na Toronto sun fi ɗari suna yabawa, wannan ya ce aljannar duniya, wancan ya ce a faɗa masa sunan wurin shi ma ya kawo iyalinsa.

Ermine ta ja tsaki mai tsawo. "Mai hali ba ya fasa halinsa."

"Ki bar shi," in ji Cuthbert. "Ya yi mana amfani."

Ranar Asabar ya shiga gari ya sa aka wanke hoton babba, aka lulluɓe shi da roba. Masunta suka kafa turke nesa kaɗan da bishiyar suka manna shi. Ɗayansu mai kyan rubutu ya ɗauki jan fenti ya rubuta a ƙasa: KADA KA YI IRIN NA WANNAN.

Sista Philbert ta gangaro takanas ta gani. Ta gyara tabarau, ta karanta, ta ce a ƙara masa kwanan wata, don 'yan baya su san ba a zamanin jahiliyya abin ya faru ba.